Ƙurajen Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yaran, musamman ƙaramar nan mai bakin tsiya da ta ce muryata a waya irin ta agwagwa ce. Ya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki ce me ya yi zafi Auta ta ɗauki biro alhali ga waya. To, na sha kiranki da niyyar in faɗa, sai mu ɓige da hirar labule da rigimar yara, in kashe ban ce komai ba. Baki ya ƙi, bari hannu ya gwada. Yaya, ciki gare ni, ya shiga wata na uku. Ki zauna tukuna kafin ki yi ihu, kuma don girman Allah kada Mama ta ji. Sau biyu ina sa ta murna, sau biyu tana zuwa asibiti ta riƙe mini hannu, mu dawo gida ba komai. Wannan karon sai ya zauna daram sannan za ta ji.

Kin tuna ƙurajen da na dame ki da kukansu har kika aiko mini da man shafawar nan mai tsada? Ashe baƙon ne ya turo su su yi mini sallama, ni kuwa ban gane ba. Yanzu sun cika goshi, sun gangaro haɓa, har gefen kunne ba su bari ba. Ki kuma dubi inda Allah ya ajiye abincina: shagon tabarau! Madubi gaba, madubi baya, fitila ta ko'ina, kuma aikina shi ne in matso dab da mutum in daidaita masa tabarau a kan hanci. Bawan Allah ya shekara yana ganin duniya dishi-dishi, ranar da idonsa ya washe, abin da zai fara gani tar shi ne goshina. Shekaranjiya wani dattijo ya saka nasa, ya dube ni, ya cire ya goge, ya mayar, sannan ya yi mini sannu cikin tausayi, yana tambaya ko ƙyanda ce ta kama ni da girmana. Abokiyar aikina sai da ta shige bayan kanta don dariya.

Ni ma na yi dariyar, amma akwai abin da ke cina a rai. Da na je awon farko, nas ta tambaye ni abin da nake sha da abin da nake shafawa. Ina fito da man daga jaka ta karɓe, ta ce akwai sinadarin da ake kira retinol a ciki, kuma mai ciki ba ta shafa shi. Yaya, na yi makonni ina shafawa kafin in san halin da nake ciki. Na daina tun ranar, an kuma ba ni lokacin ganin likita. Amma tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji kada a ce da hannuna na cuci abin da na daɗe ina roƙo. Yanzu ko sabulun wanka na ɗauka sai in tsaya ina kallonsa kamar zai cije ni.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta

*

Yaya mai ran ƙarfe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya yaran, ya fama da jama'a? Na ji daɗi da kika ce bayan ya yi sauƙi.

Da farko dai, kukan nan da kika yi mini a waya kada a sake. Ke da kika aiko da mai don ƙanwarki ta yi kyau, ina laifinki? Ni mai cikin ma ban san da shi ba, balle ke da ke can wata uwa duniya. In kika ƙara ba ni haƙuri sai mun ɓata.

Yanzu share hawayenki ki sha labarin ƙanin naki, maigidana Sarkin Fenti. Kin san shi da aikinsa, ba ya taɓa fesa wa mota fenti sai ya gwada a kan guntun ƙarfe ya ga yadda zai bushe. To, da ya ga na koma wanke fuska da ruwa zalla don tsoro, ga maiƙo yana damuna, sai ya nufi kasuwa. Sai ga shi da yamma da leda cike da sabulan wanke fuska, na ruwa da na kumfa, har da wani mai ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki. Ya jera su a kan tagar banɗaki, ya kafa doka cewa ba wanda zai taɓa fuskata sai ya bi ta tasa.

Yaya, da idona na ga mutumin nan ya ɗauko salatif ɗin da yake rufe gilashin mota da shi, ya raba fuskarsa gida-gida. Goshi na wannan sabulu, kuncin dama na wancan, hanci ma da nasa. Kullum da safe yana gaban madubi yana wanki ɓangare-ɓangare, fuska a murtuke, ba wasa. Mai tsakuwar nan ya ɗaye masa kuncin hagu, wani mai ƙamshin lemo ya sa hancinsa ya yi jawur yana sheƙi. A gareji abokan aikinsa suka sa shi gaba, wai ko shi ne zai yi tallan man gyaran fata. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki, ina yi ina roƙonsa ya bari kada ya jawo mini wani abin.

Ranar ganin likita ya rufe aiki ya bi ni, da ledarsa a hannu. Ya zaro wanda ya ci gasar ya ɗora a kan tebur, ya yi bayani tiryan-tiryan yadda ya gwada shi bai ji ko ɗan zafi ba. Likitar, wata mace mai fara'a, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi watan cikinsa nawa. Sai da ta cire tabarau ta share ido don dariya. Ashe gwanin nasa ma akwai irin sinadarin nan a ciki! Ta ce abin da bai dami fatar namiji ba daban, abin da ya dace da mai ciki daban. Ta zazzage ledar, ta ɗauko wani fari da ya ƙi tun ranar farko wai ba ya kumfa kuma ba ya ƙamshi, ta ce shi ne nawa. Safe da yamma, da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba dirza, ba matsa ƙurji, kuma duk abin da zan shafa nan gaba in fara nuna mata. Ta ce masa shi kuma ya bar fuskarsa ta huta.

Batun man kuwa, ta ce abin da ake shafawa kaɗan ne yake ratsa fata, ba kamar ƙwayar da ake haɗiya ba, kuma yawancin waɗanda suka shafa cikin rashin sani lafiya lau suke haihuwa. Amma ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce idan cikin ya kai wata biyar za a yi hoto a duba komai da kyau. Hankalina ya ɗan kwanta, sai dai kalmar nan "yawanci" ta tsaya mini a wuya.

Da muka fito na dubi kuncinsa da ya ɗaye, sai na ji hawaye. Shi ma tsoron yake ji, Yaya, bai dai iya faɗa ba ne.

Yana gaishe ki, wai kada ki kuskura ki tsokane shi. Ki tsokane shi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kowa lafiya, don yau ba ni da haƙurin jera tambayoyi. Ko mayafi ban cire ba na zauna rubutun nan.

An yi hoton! Ɗakin da ɗan duhu, ga sanyi, aka shafa mini wani abu mai santsi a ciki, likita ta ɗora na'urar ta yi shiru. Yaya, ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba. Tana ta aune-aune tana danne-danne, ni kuwa na rufe ido ina karanto duk addu'ar da Mama ta koya mana, ƙaninki ya damƙe mini hannu har zobe ya shige nama. Can sai ta juyo da allon wajenmu ta ce in buɗe ido. Ta nuna mana kai, ta bi ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, ta nuna zuciya tana bal-bal, ta ƙirga mana yatsu. Ta ce duk abin da ake iya gani lafiya ƙalau yake, girmansa ma daidai da watanninsa. Ana cikin haka ɗan banzan ya ɗaga ƙafa ya yi shuri, na gani a allo kuma na ji a jikina lokaci guda. Na fashe da kuka, na koma dariya, Sarkin Fenti kuma ya juya wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Ƙurajen sun ragu amma ba su tafi ba, likita ta ce wataƙila sai na sauka. Su yi zamansu, na yafe musu.

Gobe za mu je wajen Mama tare, da bakina zan faɗa mata, don haka ki ƙara riƙe naki bakin na kwana ɗaya.

Za ki ji wani abu mai laushi a cikin ambulan ɗin nan. Ban taɓa sayen kayan jariri ba, ko a wancan karon, ko a na kafin shi. In na zo wucewa ta gaban shagonsu tsallaka titi nake yi. Yau na shiga da ƙafata, na zaɓi safa mafi ƙanƙanta da suke da ita. Ƙafa ɗaya ce na saka miki, ɗayar tana nan wajena. Ki fara shirin hutu tun yanzu, ki kawo ta da kanki, don mai ita ba zai zauna da ƙafa ɗaya a waje ba.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Auta