A Dawo Mana da Malam Ummaru Bakin Majigi

Daga:
Malam Job Sulemanu,
Tsohon Malamin Gona (mai ritaya),
Layin Masu Awo, Unguwar Tsohon Sito,
Funtua.

Zuwa ga:
Alhaji Abdulmutallib Dayi,
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sasanci da Walwalar Jama'a,
Unguwar Tsohon Sito, Funtua.

Litinin, 25 ga Agusta, 2025.

GAME DA: SAUKE MALAM UMMARU MAI FASSARA DAGA AIKINSA A SILIMAR SITO ANA TSAKIYAR LABARI

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da yi maka barka da damina, da fatan masararka ta yi goyo biyu-biyu, ina neman izinin gabatar da kukana tare da na mutum arba'in da ɗaya da muka saba zama a bencinan gaba na Silimar Sito. Shekara talatin da biyar na yi ina aiki ban taɓa rubuta ƙorafi a kan kowa ba, har lokacin da aka ba ni babur marar birki aka ce in zaga ƙauyukan Bakori da shi. Yau dai tura ta kai bango.

Na san Mai Girma ya san wurin, amma saboda takarda ta tsaya da ƙafarta zan yi bayani. Silimar Sito tsohon ma'ajin auduga ne da marigayi Alhaji Mahadi ya mayar gidan kallo a shekarar 1991. Ana nuna fim ɗin Indiya kowace Juma'a bayan la'asar, maza a dama, mata a hagu, igiya a tsakani. Da yake finafinan nan dogaye ne, kuma marigayi ba ya yarda kallo ya shiga magariba, sai ake raba kowanne biyu: rabi wannan Juma'ar, rabi mai zuwa. Tun ranar da aka buɗe, Malam Ummaru ne ke tsayawa gefen farin ƙyallen da ake haska fim a kai, da karan dawa a hannu, a rage sautin fim, shi kuma ya nuna da kara ya faɗa mana abin da ake ciki.

A ranar Juma'a, 8 ga Agusta, 2025, ɗan marigayi, Malam Zaharaddeen, wanda ya karɓi ragamar gidan bana, ya sauke Malam Ummaru. Ya kawo finafinan da aka riga aka ɗora wa muryar Hausa, ya rataya sifika biyu kowace ta kai buhun taki. Ban zo in ɓata shi ba. Ya toshe yoyon kwano, ya kuma kori kuɗin cizon da ke bencina, ko da yake wasunmu sun riga sun saba da su. Ga dai abubuwan da muke kuka da su.

1. Dalilin da aka bayar. Malam Zaharaddeen ya faɗa a gaban jama'a cewa Malam Ummaru ba ya jin Indiyanci, ko zo in kashe ka bai sani ba, kuma shekara talatin da huɗu yana shirga mana abin da ya ga dama. Ranka ya daɗe, cikin ladabi nake tambaya, wa ya ce masa ba mu sani ba? Malam Ummaru bai taɓa wuce Zariya ba, ita ma rakiyar amarya ce ta kai shi. Da shi muka yi kiwon awaki. In da Indiyanci muke so da mun nemi makaranta.

2. Gidan nan finafinai tara kawai ya mallaka tun zamanin marigayi, amma ba mu taɓa kallon labari ɗaya sau biyu ba. Akwai wani da aka nuna mana sau goma sha ɗaya bisa lissafina. Sau ɗaya rigimar gado ce, sau ɗaya satar shanu, shekarar da taki ya yi wuya kuma mugun nan mai gashin baki na cikin fim ɗin ya zama dillalin da ya ɓoye taki a sito, har Hajiya Maijidda mai ƙosai ta jefi ƙyallen da takalmi. Ita kuwa sifika, an gwada ta da rabin wani fim ranar 15 an sake nuna shi ranar 22, abin da ta faɗa da farko shi ta maimaita, ko tari ba ta ƙara ba. Muna ganin wannan ci baya ne.

3. A matsayina na wanda ya ci abinci da aikin gona, ina shaida cewa Malam Ummaru ya yi wa noma hidimar da ni ban yi ba. Duk lokacin da saurayi da budurwa suka fito suna rawa cikin ruwan sama, yakan bayyana mana cewa murnar ruwan shuka suke yi, daga nan ya shiga bayanin tazarar da ake bari tsakanin ramin masara da ɗan'uwansa har waƙar ta ƙare. Ni na yi shekaru ina faɗar wannan magana a ƙarƙashin itatuwa ana gyangyaɗi. Shi da ya faɗa sau biyu, sai ga manoma har daga Danja suna auna rami da taku. Yanzu sifika ta ce wai ba ruwansu da shuka, son juna kawai suke yi. Wa zai fita cikin ruwa irin wannan a banza?

4. Maganar kunya. Idan ’yan fim suka matso kusa da juna fiye da yadda ya kamata, Malam Ummaru yakan yi gyaran murya, ya taka zuwa tsakiyar ƙyalle, ya buɗe babbar rigarsa, ya sanar da mu cewa suna shawara ne kan farashin waken suya. Ba ya matsawa sai shawarar ta ƙare. Ranar 15 ga wata babu riga babu gyaran murya, kuma sifika ta furta wasu kalmomi da ƙarfi a gaban surukai. Na so in kawo misali ɗaya, amma mai ɗakina Fibi, wadda ke rubuta mini wannan takarda, ta ajiye biro ta ce sai dai in nemi wani. Limamin layinmu da dattijon cocinmu, waɗanda benci ɗaya suke zama tun 1994, sun fita tare kowa yana kallon ƙasa.

5. Wannan shi ne babba. An sauke Malam Ummaru ne tsakanin rabin farko da rabi na biyu. Ranar 1 ga Agusta ya buɗe mana labarin wasu ’yan'uwa biyu, Kamalu da Sadiq, da mahaifinsu ya bar wa fadama guda mai rake da tumatir. Wani mugun maƙwabci ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya dasa ta taku ashirin cikin gonarsu, ya kuma haɗa su faɗa. An tashi ne daidai inda Kamalu ke lilo a jikin jirgin ƙasa da hannu ɗaya, takardar gona a bakinsa, Sadiq na bin sa a kan doki. Mako guda unguwar nan ba ta da wata hira. Majalisar mai shayi ta rabu biyu, ni ina ɓangaren Kamalu kuma ban ɓoye ba.

Ranar 8 muka cika gidan tun kafin a share. Aka kunna rabi na biyu, sai sifika ta ce takardar da ke bakinsa wasiƙar soyayya ce, su biyun ba ’yan'uwa ba ne, sunayensu ma wasu ne da harshe ba ya iya juyawa. Har aka tashi ba a ambaci fadama ko sau ɗaya ba. Ranka ya daɗe, to ina gonar ta tafi? Na yi aikin sasanta iyaka a ƙauyuka da dama, ban taɓa ganin an tashi shari'a an bar mai ƙara yana rataye a jirgi ba.

Ranar Talata, 12 ga wata, mun je mu uku mun sami Malam Zaharaddeen. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce zamani ne ya zo, kuma shi gaskiyar fim yake so jama'a su ji. Washegari na je gidan Malam Ummaru in roƙe shi ya faɗa mini ko a kunne wanda ya ci gonar. Ya ce wallahi shi ma bai sani ba. Bai taɓa shirya ƙarshen labari a gida ba, sai ya tsaya gaban ƙyallen ya ga fuskokinsu, ya kuma ji numfashinmu a bayansa, sannan maganar ke zuwa. Bayan wannan ya jingine karansa a lungun zaure, ya rako ni bakin ƙofa. Mutumin da ko ruwan Agusta a kan kwano bai taɓa rufe muryarsa ba, ga shi sifika ta rufe ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na dawo gida ban ci tuwo ba.

6. Ina roƙon kada a karanta wannan sakin layi a zaman kwamiti. Shekara huɗu ke nan da cutar yanar ido ta rufe mini gani. Abin da nake gani a ƙyallen yanzu haske ne kawai yana motsi. Ban faɗa wa kowa ba in ban da Fibi, ina shiga da sandata kamar ta ado, in ƙirga benci uku in zauna. Malam Ummaru bai tambaye ni ba, ni ma ban gaya masa ba. Amma tun daminar da abin ya fara sai ya ƙara wani abu a fassararsa: ya faɗi wanda ya shigo, ta wace ƙofa, launin rigarsa, ko yana murmushi ko ya ɗaure fuska. Mutane suka yi ta gunaguni wai tsufa ya sa shi surutu, abin da kowa ke gani ma sai ya faɗa. Ya bar su suna faɗa. Sifika ba ta san ina benci na uku ba. Juma'a uku ke nan ina jin jama'a na dariya, ina bin su da tawa daga baya don kada a gane.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, muna roƙon Mai Girma da kwamitinsa:

(a) A kira Malam Zaharaddeen a yi masa magana irin ta manya, ba tare da an kunyata shi ba, domin ɗanmu ne kuma mun ci arzikin mahaifinsa.

(b) A mayar da Malam Ummaru bakin aikinsa da karansa. In zamani ba zai yarda ba, a raba Juma'o'in, ɗaya ta sifika ɗaya tasa, a ga wadda za ta fi cika.

(c) Ko da an ƙi na sama, a sake nuna rabi na biyun nan sau ɗaya tak, a kashe sauti, a bar shi ya yanke hukuncin fadamar. Mun yi alkawarin karɓar duk abin da ya yanke, ko da Sadiq ne ya ci, ko da yake hakan zai zama zalunci.

Idan duk waɗannan sun gagara, ina da roƙo na ƙarshe, nawa ni kaɗai. A ba Malam Ummaru wuri a benci na uku, ta gefen hagu inda kunnena ya fi ji. Ba zai tsaya gaban kowa ba, ba zai ɗaga murya ba. Masu son gaskiyar fim su saurari sifikarsu lafiya. Shekarata saba'in da uku, Ranka ya daɗe, kuma likita ya ce aikin idon sai bayan kaka, in ma zai yiwu. Ni ba ganin Indiya nake nema ba. Ina so in zauna kusa da abokina ya gaya mini wanda ya shigo.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya ba kwamiti ikon yin adalci, ya sa mu ga kaka lafiya.

Naka mai biyayya a kullum,

Job Sulemanu
(Fibi Job ce ta rubuta da hannunta, ni na dangwala yatsa a inda ta aza mini shi.)