Hannun Yaya Mahir Yana Tsayawa

Zuwa ga Goggona Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Abdurra'uf da yara. Allah ya ba ki ladan aikin asibiti, ya kiyaye ku a Maiduguri. Mu a nan Lafia mun gode Allah. Ruwa ya sauka sosai, doyar Baba a gonar Shabu ta yi kyau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Goggo, kin san ni ba mai magana ba ce, ko waya aka miƙo mini sai in gaishe ki in mayar. Shi ya sa na rubuta, domin abin ya fi ƙarfin bakina. Maganar Yaya Mahir ce. Tun bara ya shiga wasan besbol da Koci Tavershima yake koya wa yara a filin bayan unguwarmu, kuma shi ne mai jifan ƙwallo. A wasan akwai wata doka da ake kira bok. Idan abokan hamayya suna tsaye a kan tashoshi, mai jifa kuma ya fara ɗaga hannu, dole ya ƙarasa jifan. In ya tsaya a tsakiya, alƙalin wasa zai ce yaudara ce, sai kowannensu ya ci gaba tasha ɗaya kyauta.

A 'yan makonnin nan Yaya ya fara tsayawa. Zai ɗaga ƙafa da hannu, sai ya sandare kamar an dasa shi, sannan ya jefa. Ranar Asabar haka ta sa suka faɗi wasa. Koci ya yi masa faɗa, ya ce ya daina wayon banza, ba wanda zai ruɗa. Abokinsa Terkimbi kuwa yana ta ihu wai an ɗauke wutar Mahir, a jira a kawo, kowa yana dariya. Abin da ya tsorata ni shi ne, Yaya ya rantse da Allah bai tsaya ba, ya ce alƙalin ne ya tsane shi. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Bai sani ba ne.

Ni na sani, domin ni nake tsugunawa ina cafe masa ƙwallo a bayan gida, fuskarsa tana kallona. Idan abin ya zo, idonsa a buɗe yake amma babu kowa a ciki, bakinsa yana motsi kamar mai tauna. Na kira sunansa bai amsa ba. Da ya dawo sai ya tambaye ni me ya sa na miƙe tsaye. Shekaranjiya ma ya sandare haka da lomar tuwo a hannu, Mama ta ce tunani ne na samartaka.

Da na gaya masa abin da nake gani, ya fara yi mini tsawa, daga baya ya sauko. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, wai Koci yana zaɓen waɗanda za su je gasa Abuja, kuma in aka ji kalmar farfaɗiya ko kofi ba wanda zai ƙara sha da shi. Na ce to, ban iya musu da shi ba.

Amma Goggo, yanzu Baba ya bar masa babur. Shi yake kai ma'aikata gona, kuma daga makon gobe shi zai riƙa kai Auta makaranta, a kan titin Shabu inda manyan motoci suke gudu. An ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A fili in ya tsaya, tasha ɗaya ake ci. A kan titi babu alƙalin da zai ɗaga hannu a dakata.

Don Allah ki kira Baba, ke yake jin maganarki. Ki faɗa masa wane likita za a gani, ko da Yaya zai daina yi mini magana. Yau da safe na tura makullin babur cikin buhun gero, ana ta nema ina taya su. Baba ya ce in ba a gani ba, gobe zai kira makaniki ya sa wani. Ki kira da zarar kin karanta.

Ki gaishe mini da Baba Abdurra'uf, da Babagana, da 'yar jaririya. Allah ya sada mu da alheri.

Taki 'yar ɗan'uwanki,
Asama'u