Kujerata a Motar Kanada

Lahadi da dare, Disamba 2006

Sati uku ina tsara tafiyarmu daga nan Greensboro zuwa Kebek ta Kanada wasan zamiya kan ƙanƙara. Ni na fitar da taswirar hanya, ni na kama masauki da Faransanci, har dambun nama na yi na guzuri. Yau Hajiya Rabi mai motar ta ce ƙanwarta ta zo daga Kano, babu wurina a motar. Har da dariya: "Ke 'yar Maraɗi, sanyin Greensboro ma ya fi ƙarfinki!"

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban gaya mata ba, tsohuwar mai masaukin ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, ɗakin kuma da sunana yake. Ranar da za su isa, wayata a kashe za ta kwana. Dambun kuwa na fara ci.