Hannun Saviour da Wutar Garinmu

Zuwa ga Yayana Toma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da Salama da yara, da kuma zaman Fatakwal. Mu nan mun gode Allah, an kai masara gida, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, maganar ɗana Saviour ce ta sa na ɗauki biro, don a waya bakina ba zai iya ba. Ka san tun da ya zama injiniya a kamfanin wuta a Funtuwa, garinmu suka ɗauke shi nasu. Da ya zo hutu, ya tarar wata biyu ba mu ga wuta ba, waya ta tsinke ta faɗo bayan coci, har mata suna shanya a kanta. Dattawa suka zo har gida, su Malam Sulemanu, suna roƙo ya ɗaura mana. Ya ce musu aikinsu ba a yin sa haka, sai an kira tashar wuta an kashe layi, an ba shi izini, sannan a saƙala wata waya zuwa ƙasa. Suka yi dariya, wai layin da ya mutu wata biyu mene ne za a kashe a cikinsa. Kunya ta kama ni a gaban mutane. Ni ce na ja shi gefe na ce kada ya ba ni kunya, boko ba ya hana a ji maganar manya. Ya dube ni kawai, ya ɗauki tsani.

Yana kan falwaya aka kawo wuta. Allah ya bar mana ransa, amma a asibitin Malumfashi an cire masa yatsu uku na hannun dama.

Shugabansa ya zo duba shi, mutumin kirki, ya ce akwai aikin zanen layi a ofis, ya dawo idan ya warke. Saviour ya ƙi. Ya ce wanda ya karya dokar farko da yake koya wa ma'aikata ba shi da bakin koya wa kowa. Yini yake a zaure. Kai ka kai shi makaranta, kai kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi kafin ƙarshen wata, wa'adin da kamfanin ya ba shi ke nan. Ka gaya masa laifin nawa ne, ni idan na fara sai ya tashi ya fita.

Wuta ta dawo garin, kowa yana murna. Ni har yau ban kunna ko ƙwai ɗaya ba.

Ka gai da Salama da Lilian da Ɗanasabe. Inna tana gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Jane