Ɗinkin da Kika Yi wa Takardar Lambata

Zuwa ga Rakiya, uwar Aminatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke cewa gobe da hantsi zan koma ofishin jakadancin ƙasarmu.

Kafilina, mutumin da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya rasu, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta mutu. Fasfo kuwa kin sani, ruwan da ya shiga ɗakinmu na unguwar Nuzla a nan Jidda ya cinye shi. An ba marasa takardu wa'adi su fita salin-alin, saura kwana huɗu. Wanda ya wuce haka sai gidan tsare mutane, ni kuwa ƙafafuna ko sahun salla ba sa iya tsayuwa. 'Yarmu Aminatu ta share mini ɗaki a Zangon Wagadugu, tana jira.

Jiya na kai musu lambar yabona, wadda gwamnatin Haute-Volta ta maƙala mini saboda yawon allurar rigakafi ƙauye-ƙauye. Kin tuna ƙyallenta, baƙi da fari da ja. Ranar kin yi guɗa har muryarki ta dushe.

Ma'aikacin ya juya ta cikin ladabi, ya ce, "Baba, ƙasar nan ta sake suna tun ba a haife ni ba. Ƙarfe kuma ba ya faɗin sunan mai shi. Ina takardarta?"

Takardar tana inda kika sa ta. Da za mu taho aikin Hajji, ke 'yar dukawa, kika ninke ta, kika ɗinke cikin jar fata kamar laya. Na yi dariya, kika ce, "Takardar boko ba ta san tafiya ba, sai an sa mata riga."

Shekara arba'in da wani abu, tun da muka zauna a nan bayan Hajji, tana ƙarƙashin taguwata, ina ɓoyonta, don a garin nan wanda aka gani da laya sai a ce sihiri ne. Gumin Jidda ya ratsa ta. Tsorona biyu ne. In farke in tarar takardar ta zama gari. In kuma yanke ɗinkin hannunki na ƙarshe da ya rage mini.

Bayan la'asar na ɗauki reza. Zarenki ya ƙi, Rakiya, kamar ke.

Takardar lambar ta manne, tawada ta gudu. Hatimi ya fito, sunana ya fito, sunan mahaifina kuwa ya tafi. Na zauna ina salati.

Sai na ga takarda ta biyu a tsakiya, wadda gumi bai kai gare ta ba. Takardar haihuwar Aminatu ce, da cikakken sunana da garin da aka haife ni. Ba ki iya boko ba, kin haɗa su kina zaton abu ɗaya ne. Ita ce wadda muka birkice gida muna nema kafin tafiya, na yi miki faɗa a gaban uwarki, na ce sakacinki ne ya ɓatar da ita.

Ban sani ba ko za su karɓa. In sun karɓa, zan tafi in bar ki a ƙasar Jidda ke kaɗai, wannan ma bai bar ni na ci abinci ba.

Ki yafe mini faɗan nan. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu inda ba a tambayar kowa takarda.

Naki har gobe,
Idrisa