Layi na Tara

Litinin, 28 ga Nuwamba

Yau aka rufe karɓar takardun masu neman tsayawa takara. Na magajin gari ba su dame ni ba, su tara ko goma ne, kowa da bakinsa a talabijin. Abin da ya shafe ni kujerar kansilan unguwarmu. Kansila Roscoe Bellamy ya kai sa hannun mutum dubu biyu, ɗari uku daga ciki ni na tattaro su ƙofa ƙofa, kamar yadda nake yi masa shekara ashirin da biyu.

Wai Ernestine Gadsden ma ta kai nata. Matar nan mai shagon injinan wanki, wadda ta yi aikin jinya a makarantar firamare. Sa hannu ɗari takwas da sha biyu. Doka ɗari huɗu da saba'in da uku take nema, amma kowa a Chicago ya san in ba ka ninka sau uku ba, ka yi aikin banza. Sabon shiga ke nan.

Alhamis, 1 ga Disamba

Kansila ya tara mu a ofis da kofi da biredi mai zaƙi. Ya ce, "Mis Odessa, ke ce idona. Ki tankaɗe mini takardun matar nan har sai ta koma wankinta." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Mun wuni muna sa alama. Wannan ba ya unguwar, wannan bai yi rajista ba, wannan hannun bai yi kama ba. Gaskiya ban karanta rabin sunayen ba. Layi kawai ake bi, a ƙalubalanci duk abin da ya samu, ita ta sha wahalar karewa. Haka aka koya mini, haka na koya wa wasu.

Litinin, 5 ga Disamba

An shigar da ƙorafi. Gwiwata ta dama ta hana ni sakat.

Talata, 13 ga Disamba

Ranar farko ta tantancewa a ofishin zaɓe. Ma'aikaciya a gaban kwamfuta, ni a damanta, Ernestine a hagunta. Ana buɗo katin rajistar mutum, a gwada da abin da ya sa a takarda, a ce ya zauna ko ya faɗi. Sauran 'yan takara lauyoyi suke turowa. Ita da kanta ta zo, da tabarau rataye a wuya da abinci a jakar takarda.

Matar nan ta san mutanenta! Ma'aikaciya ta kira suna, sai ta ce, "Wannan ta yi aure a bazara, duba da sunan gidansu." A duba, haka ne. "Wannan ya koma hawa na biyu bayan gobara." Haka ne. Shekara talatin na tuƙa bas a titunan nan, ina taƙama na san kowa, amma yau na ga wadda ta riga ni tashi.

Da rana ta raba biredinta da naman talotalo biyu ta miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ci, 'yar'uwa. Kashe ni da kika zo yi ai yana buƙatar ƙarfi." Na ci. Da daɗi kuwa, abin haushi.

Alhamis, 15 ga Disamba

Shafi na arba'in da huɗu, layi na tara.

Cleophus Tillman. Adireshin gidanmu. Yayana, wanda ke zaune a hawan ƙasa, wanda nake dafa wa abinci tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Rubutu a karkace, na hannun hagu. Ga alamar da na sa da birona a gefe: hannun bai yi kama ba.

Ma'aikaciya ta buɗo katinsa na da, da sa hannun nan nasa mai jela kamar na mai banki. Ta ce, "Ya faɗi." Ernestine ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta san ko wane ne, ita ta riƙe masa allon maƙale takarda ya sa hannu. Sai ta mayar da idonta kan takarda. Aka kira suna na gaba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 18 ga Disamba

Bayan coci na tambayi Yaya Cleo me ya kai shi sa wa Ernestine hannu. Ya daɗe yana haɗa maganar, bakin ba ya bin sa yanzu. Ya ce ranar da ya faɗi a bakin shagon wanki, ita ta gane abin da ke faruwa tun kafin kowa, ta duba agogo, ta faɗa wa masu motar asibiti minti nawa. Shekara biyu ke nan ban taɓa sanin ko wace ce "wata mata" da likita ya ambata ba.

Na ce, "Kansila fa shi ya sa mana allon ajiye motar naƙasassu a ƙofar gida." Ya ce, "Allon nan... harajina ne, Dessa."

Ban faɗa masa an soke sunansa ba.

Talata, 20 ga Disamba

An gama tantancewa. Ta tsira da ɗari huɗu da tamanin da ɗaya, takwas a saman abin da ake nema. A ofis fuskar kowa a murtuke.

Laraba, 4 ga Janairu

Zaman sauraron ƙorafi. Abin da na gani yau ba zan manta ba.

Dokar ita ce duk wanda ya zaga da takarda sai ya rantse cewa a gaban idonsa kowa ya sa hannu. Kowa yana rantsewa, ni ma na sha rantsewa a kan takardun da na bari a shagon aski na dawo na ɗauka. Lauyanmu ya tambaye ta don cika ƙa'ida kawai, ba shi da wata hujja: "Duk a gabanki aka sa?" Ta ce, "Ban da shafi na talatin da ɗaya. Na bar shi a kan kanta na bi wata mata da naƙuda ta kama, da na dawo ya cika, kuma na yi kuskure na haɗa shi da sauran."

Lauyan da kansa ya saki baki. Jami'in da ke sauraro ya ce, "Malama Gadsden, kin san abin da wannan ke nufi?" Ta ce, "Na iya lissafi, ranka ya daɗe. Sha biyar ne."

Ɗari huɗu da sittin da shida. Saura bakwai ta cika. An ba ta zuwa Talata ta kawo takardun rantsuwa daga waɗanda aka ce hannunsu bai yi kama ba.

A mota Kansila yana ta ƙyaƙyata dariya, wai bai taɓa ganin wadda ta yanka kanta da wuƙarta ba. Na juya ina kallon taga.

Juma'a, 6 ga Janairu

Dusar ƙanƙara har gwiwa. Na hango ta a layinmu na baya da jar hularta, ita da wani tsoho mai hatimin shaida, suna tsallake kujerun da mutane suka kafa don tare wurin mota. Shekarunta sittin da takwas fa.

Litinin, 9 ga Janairu

Ta samu takardun rantsuwa shida. Wasu sun tashi, wasu suna tsoron kada Kansila ya sa a daina kwashe musu shara.

Da la'asar aka buga ƙofa. Ita ce, hancinta na zuba don sanyi. Ta ce, "Mis Odessa, na bar gidan nan a ƙarshe da gangan. In kin ce in juya, zan juya, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Na san wanda kike yi wa aiki."

Na tsaya riƙe da ƙofa. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, shekara ashirin da biyu ina ci. Sai na ji sandar Yaya Cleo a bayana. Ya ce, "Wa ya ce... ba hannuna ba ne?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Bai ƙara kallona ba. Ya zauna a teburin kicin, mai hatimi ya shimfiɗa takarda. Takardar tana ta zamewa saboda ba shi da hannun da zai danne ta. Sau biyu tana zamewa. Na sa tafin hannuna na danne. Minti huɗu ya yi yana rubuta sunansa, har ya ƙoƙarta ya yi jelar nan a ƙarshe.

Ernestine ta ƙi shan shayi, wai kada a ga ta daɗe a gidana a sa ni a baki.

Talata, 10 ga Janairu

Ɗari huɗu da saba'in da uku cif. Sunanta zai fito a takardar ƙuri'a.

Kansila ya kira. "Mis Odessa, a gidanki? A kan teburinki?" Na ce yayana ya mallaki hankalin kansa. Ya ce a kawo masa jerin sunayen masu zaɓen akwatin da nake kula masa da shi, zai ba wani aikin. Na kai da kaina, na ajiye wa sakatariya.

Laraba, 1 ga Fabrairu

Safiya ta yi mini tsawo yanzu. Na kai barguna shagon wanki, alhali injina lafiyarsa ƙalau.

Talata, 28 ga Fabrairu

Zaɓe. Karon farko da ban tsaya a bakin rumfa ina raba katin Kansila ba. Na tura Yaya Cleo a kekensa zuwa makarantar firamare. Da zai sa hannu a karɓi takarda, ma'aikacin zaɓe ya duba allon kwamfuta ya dube shi yana jinkiri. Ban san lokacin da na ce, "Hannunsa ne, ni shaida ce," da ƙarfi har mutane suka waiwayo ba.

Na magajin gari na zaɓa cikin daƙiƙa biyu. Na kansila na ɗan daɗe. Ƙuri'a sirri ce, ko a littafin nan.

Ba na jin Ernestine za ta ci, Kansila yana da motoci goma sha biyu masu ɗauko tsofaffi. Sai dare za a sani. Ta ce in ba ta ci ba, bayan shekara huɗu za ta sake, kuma wannan karon sa hannu dubu biyu take so. Ba ta san yadda ake tara dubu biyu ba, baiwar Allah. Sai an fara daga gidajen tsofaffi tun watan Agusta, kafin sanyi.

Na sayi sabbin alluna masu maƙale takarda guda uku. Suna da araha ne kawai.