Tsawon Giginyar Dandin Mahe

Shagari, daren Talata, Maris 1955

Takarda ta iso: saura mako shida jarrabawar shiga jami'a.

Aljabara ta zauna. Lissafin kusurwa ne ban tabbatar ba, kuma amsoshin da nake aikawa Ingila sai wata biyu suke dawowa da gyara. Ba zan jira ba. Yau na je Dandin Mahe da ma'aunin kwali da zare, na lissafa tsawon giginyar Baba Altine: ƙafa hamsin da huɗu.

Ya yi dariya. "Mallam, daga ƙasa? Ni da nake hawanta shekara ashirin ban san tsawonta ba!"

In na kuskure, zan koma babin farko. Gobe da hantsi zai hau da igiya mu auna ta.